Karen Maƙwabci da Kirsimetin Shekarar Korona

Jawabin da kwamitin lafiya da zaman tare ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen shekara



Bayan godiya ga Allah da Ya sake haɗa fuskokinmu lafiya, muna godiya ga shugabanni da suka ba wannan kwamiti damar yin magana. Mun san da aka karanta jerin abubuwan da za a tattauna yau aka ji an ambaci kare, akwai waɗanda suka yi dariya, har wani dattijo ya ce, "Duk matsalolin da ke kanmu, an rasa abin da za a tara mu a kai sai kare?" To, Baba, muna neman afuwa, amma a ba mu aron kunnuwa na ɗan lokaci. Maganar ta shafi ran 'ya'yanmu, ta kuma shafi zamanmu da mutanen da muke neman abinci a ƙasarsu. Ga shi kuwa Disamba ta ƙarato, watan da muka fi kowane wata cuɗanya da masu masaukinmu da dabbobinsu.

Zamanmu a ƙauyuka

Kamar yadda kowa ya sani, ba dukanmu ne ke zaune a manyan zanguna irin su Ama Hausa ta Owerri ko kasuwannin shanu na Ugwuoba da Amansea ba. Da yawa daga cikinmu a ƙananan ƙauyuka suke, mutum biyar nan, goma can. Akwai mahauta da masu tsire, akwai masu shayi, akwai 'yan gadi, masu haƙa rijiya, masu gyaran takalmi, leburorin gona da 'yan gwangwan. Wasu ɗakin haya suke kamawa a cikin gidan ɗan gari, ƙofa na kallon ƙofa.

Duk wanda ya zauna a irin waɗannan ƙauyuka na ƙasar Ibo ya san da wuya ka wuce gida uku ba ka ji haushi ba. Su nkita suke ce masa. Shi ne mai gadin gida idan an tafi gona ko kasuwa, shi ne abokin tsohuwar da 'ya'yanta suka watse birane, kuma shi ne abokin farauta idan rani ya yi aka fara ƙona daji ana bin gafiya da gyazbi. Yawancinsu ba a ɗaure su, ba a kuma dafa musu na musamman. Abin da ya rage a tukunya da abin da suka tsinta a juji, shi ne abincinsu.

Mu kuwa da wata tarbiyya daban muka taso. A gida Arewa, kare na mafarauta ne da makiyaya da mutanen bakin gari. Yaronmu da ya hango kare, abu na farko da zai yi shi ne ya duƙa ya ɗauki dutse, ko kuma ya zura da gudu yana ihu. Duka biyun nan kuwa su ne ke jawo cizo. Kun ga ke nan tun kafin a je ko'ina akwai bambancin fahimta: abin da mu muke gani ƙazanta da abin tsoro, maƙwabcinmu dukiyarsa ce, wani ma kamar ɗan gida yake ɗaukarsa.

Kirsimeti yadda muka saba ganinsa

Wanda bai taɓa yin Disamba a nan ba, ba zai gane girman abin ba. Daga tsakiyar wata motoci ke fara kwararowa daga Legas, Abuja, Kano, Fatakwal, har da masu saukowa daga Turai da Amurka. A da, lokacin da gadar Anaca guda ɗaya ce tal, wadda aka buɗe a 1965, mutum kan wuni a Asaba bai haye ba. Sai a 2023 aka ƙaddamar da ta biyu. Gidajen da suka yi wata goma sha ɗaya a kulle sai ka ga an buɗe an share an yi fenti. A cikin mako biyu za a yi auren da aka tara, da bikin tunawa da mamata, da buɗe sabon gida, da taron 'yan gari, da wasan ƙwallo tsakanin unguwanni, ga dodanni suna zagaye.

Mu ma lokacin kakarmu ke nan. Sa da akuya da kaji, albasa da tumatir da attarugu, wake da shinkafa, duk a hannunmu ake nema. Mai tsire ba ya barci, ɗan acaɓa ba ya hutawa. Akwai waɗanda cinikin mako biyun nan shi ke biya musu kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, har a aika wani abu gida.

Karnukan ƙauye su ma kakarsu ce. Kowane gida ana yanka, ƙashi da kayan ciki da ragowar shinkafa ko'ina. Karen da ya shekara haƙarƙari a waje, kafin sabuwar shekara sai ka ga ya murje. Ƙoshin nan kuwa shi ke tsare shi a gidan ubangidansa, ba ruwansa da rumfunanmu.

Shekarar da abin ya sauya

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a sake ba sai farkon Yuli. Ko da yake an ce ban da motocin abinci da dabbobi, direbobinmu sun san irin wuyar da suka sha a shingayen hanya. Jiragen ƙasashen waje ba su dawo ba sai 5 ga Satumba, kuma duk wanda ya sauka sai ya yi gwaji ya killace kansa kwana bakwai.

Muna cikin murnar abu ya lafa, sai cutar ta sake tasowa a Disamba. Ranar 21 ga wata, saura kwana huɗu Kirsimeti, kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Boss Mustapha, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, ya ba da sanarwar a rufe mashayu da gidajen rawa da wuraren biki, a taƙaita taro, ƙananan ma'aikatan gwamnati su zauna a gida mako biyar, makarantu kuma kada su koma kafin 18 ga Janairu 2021. An soke babban bikin Kalaba na shekarar, wasu jihohi kuma suka hana kwanan coci na daren sabuwar shekara. Daɗin daɗawa, aljihun kowa a bushe yake. A watan Nuwamba aka bayyana cewa tattalin arzikin ƙasa ya shiga karaya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa ta ce tsadar abinci ta watan Disamba ta haura kashi 19 cikin 100 a kan ta shekarar da ta gabata.

Ba mu ce ba wanda ya zo gida ba. An zo, amma ba kamar yadda aka saba ba. Na ƙasashen waje da yawa sun haƙura, na Legas wasu sun aiko da kuɗi ta waya suka ce sai baɗi. Wanda ya saba sayen sa ya koma akuya, mai akuya ya koma kaza. Mun ga shanu sun kwana a kara har Janairu suna cin kuɗin dusa. Wannan ɓangaren kowa ya ji shi a jikinsa, ba sai mun tsawaita ba.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne halin da karnuka suka shiga. Gidajen da aka saba buɗewa suka zauna a kulle, tsofaffin da ke cikin sauran gidajen su kansu da ƙyar suke samun na bakinsu. Kare kuwa ba ya jiran baɗi. Ina ne a ƙauye ake samun jini da ƙashi kullum, ko da biki ko babu? Mahautarmu, da teburin mai tsire, da jujin bayan ɗakunanmu. Nan suka dawo, uku-uku, biyar-biyar, da asuba da kuma bayan magariba, daidai lokacin da yaranmu ke fita makarantar allo ko aike, ga shi makarantun boko a rufe yara na gida wuni guda. Sai kuma ga jita-jita ta bazu cewa wai karnuka ke yaɗa korona. Asalinta shi ne wani kare da aka gwada a Hong Kong a farkon 2020 aka sami alamar ƙwayar a jikinsa, wanda daga mai shi ya ɗauka. Masana sun bincika ba su sami hujjar cewa kare na da wani hannu a yaɗa cutar ga mutane ba. Amma kafin gaskiya ta iso, wasu sun kori nasu, yawan masu gararamba ya ƙaru.

Abin da ya faru a wani ƙauye

A makon ƙarshe na wannan Disamba, a wani ƙauye da ba shi da nisa da nan, aka aiki wani yaro ɗan shekara bakwai, ɗan ɗaya daga cikin mahautanmu, ya ɗauko wuƙa a ƙarƙashin tebur. Ashe akwai kare kwance a wurin yana gwaguyar ƙashi. Yaro ya miƙa hannu, kare ya cafke shi. Kafin ka ce kwabo matasanmu sun taru da sanduna da adduna, sun bi karen har ƙofar gidan da ya shiga. Gidan wata tsohuwa ce, mijinta ya mutu, 'ya'yanta ba wanda ya zo a shekarar, ita kuma tana kwance ba lafiya.

Allah Ya sa akwai wani dattijon mahauci da ya shekara talatin a garin. Shi ya sha gabansu ya ce ba wanda zai taka gidan nan. Ya sa aka kai yaron bakin fanfon burtsatse aka yi ta wanke hannun da sabulu, shi kuma ya ɗauki mutum biyu suka tafi wurin mai gari. A nan aka yi shawara a ɗaure karen a gidan tsohuwar a zuba masa ido, mahautanmu kuma suka ɗauki nauyin aika masa ragowar nama kullum, tun da yunwa ce ta fito da shi.

Neman allura shi ne ya fi ba mu wuya. Ɗakin shan magani na kusa ba su da ita. Asibiti na gaba hankalinsu na kan korona, suka ce a tafi babban birnin jiha. Sai washegari aka samu, kuma kuɗin ya fi ƙarfin uban yaron, daga asusun wannan ƙungiya aka cika. Kwana goma suka wuce kare na nan garau yana ci yana sha, yaro kuma ya warke. Ɗan tsohuwar ya bugo waya daga Legas ya yi godiya, ya mayar da rabin kuɗin magani, ya kuma sa aka yi wa karen riga-kafi.

Jama'a, a yi tunani. Da an kashe karen nan a tsakar gidan tsohuwa mara lafiya, aka jefar da gawarsa a daji, da wata nawa za mu yi cikin zullumin ko mahaukaci ne? Kuma da wane ido 'yan garin za su dube mu washegari? Dukanmu muna tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairu 2021, mako kaɗan bayan wannan, inda 'yar gardama tsakanin mutum biyu ta ƙare da asarar rayuka da ƙone-ƙone. Baƙo ba ya raina ƙaramar wuta.

Ciwon haukan kare

Yanzu bari mu zo ga abin da ya sa muka damu da cizon. Korona ta zo ta tayar da hankalin duniya, allurarta ta iso ƙasar nan a Maris 2021, kuma a Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta sa a kanta. Ciwon haukan kare kuwa yana nan inda yake tun zamanin kakanni. Ƙiyasin da hukumar ke bayarwa shi ne yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duk wanda ya kamu daga kare ya samo shi, kuma huɗu daga cikin kowane goma da irin waɗannan karnuka ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar a yawun dabba take. Idan ta shiga ta wurin cizo, ko yakushi, ko kare ya lashi wani rauni da ke jikin mutum, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alama ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan shi ne haɗarin, domin rauni ya warke an manta, alhali abu na tafiya a ciki. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi sauri, shi ya sa yara suka fi shiga uku, tsayinsu daidai bakin kare yake. Da zarar alamu sun fito, wato zazzaɓi, ruɗewa, tsoron ruwa har mutum ya kasa haɗiyar kurɓi guda, to kusan ba wanda ke tashi. Amma kafin su fito, allura na tare ta sarai. Tun a Yuli 1885 wani masanin Faransa, Louis Pasteur, ya fara ceton wani yaro ɗan shekara tara da ita.

Yaya ake gane mahaukacin kare? Halinsa ne ke sauyawa. Mai lafiya ya koma cizon duk abin da ya gani, har itace da ƙarfe, muryar haushinsa ta dushe, yawu na dalala. Akwai kuma wani nau'in da ba ya faɗa, sai dai ya yi laƙwas, muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su shanye. Shi wannan ya fi yaudara, yara kan tausaya masa su taɓa shi. Mutanen kara da mahauta, ku ma a kula: sa da akuya da tunkiya duk suna kamuwa idan aka cije su. Saniya takan yi ta kuka tana dalalar yawu kamar wani abu ya maƙale mata a wuya, mai ita ya zura hannu cikin bakinta zai ciro. Kada a yi haka, kuma kada a yi gaggawar yankawa don gudun asara, a kira malamin dabbobi.

Idan cizo ya auku

Na farko, wanki. A kai wanda aka ciza wurin ruwa mai gudu, fanfo ko a riƙa zubawa da buta, a wanke da sabulu na tsawon minti 15 cif. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Sabulun wanki na gida ya isa. In akwai aidin a shafa bayan nan. Kada a sa barkono, ko toka, ko kananzir, ko ruwan batir, kada kuma a ɗaure raunin tamau.

Na biyu, asibiti a ranar, ko da raunin ɗan ƙarami ne. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban cikin 'yan makonni, kuma dole a cika yadda likita ya rubuta. Idan cizon mai zurfi ne akwai wata ta daban da ake yi a jikin raunin, ga kuma ta tetanus. Allurar nan sanyi take so, saboda haka a guji sayenta a hannun wanda ba shi da firji mai aiki.

Na uku, karen. In an san mai shi, a nemi ya ɗaure shi kwana 10. Karen da ke da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Amma fa ba a jiran kwana goman kafin a fara allura, farawa ake yi, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba. In kuwa karen ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a jefar, kada a taɓa da hannu tsirara. Malaman dabbobi kan aika kansa ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, kuma ita ke yin allurar riga-kafin karnuka a ƙasar nan.

Mun san akwai masu cewa suna da maganin gargajiya, a ƙona gashin karen a shafa, ko a sha wani jiƙo, har su lissafo waɗanda suka warkar. Abin da ya kamata a gane shi ne yawancin karnukan da ke cizo ba mahaukata ba ne, saboda haka ko ba a sha komai ba mutum zai warke, mai magani ya karɓi yabo. Ranar da aka gamu da mahaukacin gaske, ranar ake gane jiƙo bai yi ba, lokacin kuma bakin alƙalami ya bushe.

Ta fuskar addini

Wannan fagen malamai ne, ga su nan zaune, za su gyara mana in da gyara. Abin da muka karanta a gabansu shi ne, a mazhabar Imam Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. An halatta riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Malamai sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Kuma kowa ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba muna cewa kowa ya je ya sayo kwikwiyo ba ne. Muna cewa ne ba mu da wata hujja ta jifan dabbar maƙwabci haka kawai, balle a zuba mata guba a ɓoye. Gubar nan ma kaza na ci, akuya na ci, yaro mai rarrafe na iya kai hannu.

Akwai kuma abin da ya shafi sunanmu. A wasu sassan ƙasar nan ana cin naman kare, har akwai babbar kasuwarsa a Dawaki ta jihar Filato, daga inda ake lodinsa zuwa Kudu. Lokacin bukukuwa nemansa na ƙaruwa, satarsa ma haka. Idan karen gida ya ɓata, wa ake fara zargi? Baƙon da ke yawo gida-gida da buhu ko baro. 'Yan gwangwan da masu gyaran takalmi, ku yi hattara a wannan wata: a yi sallama daga waje, kada a shiga gidan da ba kowa, ko da ƙofa a buɗe take.

Shawarwarin kwamiti

1. Kowace mahauta da kowane teburin tsire a tanadi rami mai murfi ko durom na zuba ƙashi da kayan ciki. Inda ba abinci, kare ba ya zama.

2. Malaman allo da iyaye mata a koya wa yara: ba jifa, ba gudu, ba taɓa kare yana cin abinci ko karya mai 'ya'ya. In ya tunkaro a tsaya cik, hannu a jiki, kada a zuba masa ido, har ya wuce. A kuma tabbatar musu ba za a doke su ba in sun faɗi an cije su, domin tsoron bulala na sa yaro ya ɓoye rauni. A ƙara kula a ranakun da ake fasa banga, ƙararta na firgita karnuka.

3. Duk ɗanmu da ke riƙe da kare, mai gadi ne ko mafarauci ko makiyayi, ya kai shi riga-kafi daga wata uku da haihuwa, a maimaita kowace shekara, ya adana katin.

4. Wakilanmu na kowane ƙauye su je wurin mai gari da shugabannin 'yan gari kafin 15 ga Disamba, a roƙi sashen dabbobi na ƙaramar hukuma tare, ya sa ranar riga-kafi. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Disamba ce ta fi dacewa da wannan magana, domin masu gidajen da masu kuɗin garin suna nan. A baɗi kuma mu nemi a haɗa da 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don wannan cuta.

5. Sakatare ya binciko asibitocin da ke ajiye allurar a jihar nan, a rubuta a manna a masallaci da kara, kada sai abu ya faru a fara tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. A ware wani kaso na asusun taimako don cizon kare da na maciji, yadda rashin kuɗi ba zai sa a kwana da yaro a gida ba.

7. Duk wata ƙara a kan dabbar maƙwabci a kawo ta wurin wakili ko Sarkin Hausawa. Ba a yarda wani matashi ya ɗauki hukunci a hannunsa ba, wanda ya yi kuwa ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.

Shugaba, iyayenmu, wannan shi ne abin da muka zo da shi. Muna roƙon a tattauna shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya, abin da aka amince da shi a sa hannu yau, wakilan ƙauyuka su koma da shi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka a wannan wata, Ya tsare mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, waɗanda za su yi tafiya gida kuma Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya.